Iskar nitrojin a tayar mota: ta cancanci kuɗinta kuwa?

A manyan wuraren gyaran taya, musamman a ƙasashen waje, ana tallata wata iska da ake kira nitrojin, masu jin Faransanci kuma su ce azot. Masu sayar da ita sukan ce in an ɗura ta, taya ba ta saurin sacewa, ba ta ɗaukar zafi, mota kuma ta rage shan mai. Wasu motocin da ake sayowa ta Kwatano sukan zo da koren murfi a bakin taya, alama ke nan an taɓa sa musu ita. To, mene ne gaskiyar maganar?

Da farko dai, wannan iskar da muke shaƙa, wadda mai faci ke ba taya, kashi 78 cikin 100 nata nitrojin ce, kashi 21 kuma oksijin. Ke nan ko yanzu mafi yawan abin da ke cikin tayarka nitrojin ne. Abin da za ka biya kuɗi a kai shi ne a ɗaga shi zuwa wajen kashi 95.

Gaskiya ne nitrojin ba ta saurin ratsa roba kamar oksijin, amma bambancin kaɗan ne. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada tayoyi iri 31, ta ba su iska wajen kilo 2, ta ajiye su shekara guda. Masu iskar yau da kullum sun rage kusan kilo 0,24, masu nitrojin kuma kusan 0,15. Ratar ba ta kai kilo 0,1 ba a shekara. In kuwa ƙusa ko ƙaya ta huda taya, ko wace iska ce a ciki fita za ta yi.

Inda take da amfani sosai shi ne jiragen sama da motocin tsere. Busasshiya ce, babu raɓa a cikinta, kuma ba ta ciyar da wuta. Tayar jirgi tana shiga sanyin da ke daskarar da ruwa a sama, ta sauko ta gamu da zafin birki. Motar da ke jigila tsakanin Maradi da Damagaram ba ta cikin wannan hali.

Abin da ke fasa taya a hanyoyinmu sananne ne: ƙarancin iska, lodi fiye da ƙima, tsufan taya, da gudu a kan kwalta cikin zafin Afrilu da Mayu. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwasa da yawa, ta yi zafi, ta fashe, ga fasinjoji cike da mota. Nitrojin ba ta hana wannan.

Saboda haka, direba, ka riƙa auna iskar tayoyinka ko da sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, har da ta safiya. Ka auna da safe tun taya na da sanyi. Adadin da ya dace galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba. Kada ka rage iska don ka ga ta hau bayan tafiya, in taya ta huce za ta koma daidai. In tayar gwanjo za ka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

In an ba ka nitrojin kyauta, karɓa, ba ta da illa. In ta rage a hanya, ƙara ta mai faci a kai, haɗa su ba ya ɓata komai. Ƴan uwa da ke waje masu aiko da mota gida kuwa, ku haɗo da ɗan ma'aunin iska, ya fi koren murfi amfani. Allah ya kiyaye hanya.