Wayar Lasifika ta Dala 7,250: Me Kunne Ke Ji?

A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da son kiɗa ya kai su ga son na'urar da ke fitar da shi. Ina ganin girmansu, domin ni ma mai son sauti mai kyau ne. Sai dai wata kasuwa ta tsiro a gefensu, tana karɓar kuɗinsu da alkawuran da ba ta cikawa, kuma abin yana ci mini rai.

Wajen 1990 an yi ta sayar da koren alƙalami da ake goga wa bakin faifan CD, wai yana gyara sauti. Wani kamfani a Amurka, Machina Dynamica, ya yi ta sayar da tsakuwoyi da ake ɗaure wa wayoyi ko a ajiye a kusurwar ɗaki. A 2008 kamfanin Denon yana sayar da wayar ɗaukar bayanai mai tsawon mita ɗaya da rabi a kan dala 499.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta 2007. Kamfanin Pear Cable ya sa wa wayoyin lasifika biyu, masu tsawon ƙafa 12, farashin dala 7,250. James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin masu damfara, ya ce zai ba da dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya bambance su da wayoyi masu sauƙin kuɗi da kunne kaɗai. Michael Fremer, wanda a lokacin yake mujallar Stereophile, ya amsa, amma kamfanin ya janye daga ba da wayoyin, gwajin kuma ya wargaje.

Aikin wayar lasifika ɗaya ne: ta kai wuta daga amfilifaya zuwa lasifika ba tare da asara mai yawa ba. Abin da ke tabbatar da haka shi ne kaurinta da gajartarta da ƙarfen da ke cikinta. Azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta da kusan kashi 6 cikin 100 kacal, ratar da ɗan ƙarin kauri ke cikewa. Ruwan zinaren da ake yi wa bakin fulogi kuwa maganin tsatsa ne, domin jan ƙarfe ma ya fi zinare ɗaukar wuta.

To me ya sa mutane masu gaskiya ke rantsuwa sun ji bambanci? Ba ƙarya suke yi ba. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa ma'aikatansu su ba lasifikoki maki, sau ɗaya a bayan labule, sau ɗaya kuma suna kallonsu. Da aka ɗage labule sai makin ya sauya, manya masu tsada suka haura, kuma ƙwararrun masu sauraro ba su tsira ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a bayan labule wurin da aka ajiye lasifika a ɗaki ya yi tasiri sosai a kan makin, amma da ido ya shigo sai wannan tasirin ya dushe. Akwai kuma wani tarkon: idan wata lasifika ta ɗara wata ƙara ko da kaɗan ne, kunne yakan ɗauke ta a matsayin wadda ta fi daɗi.

A 2022 kamfanin Mobile Fidelity ya amsa cewa ya shekara da shekaru yana bi da sauti ta na'urar dijital kafin ya buga fayafayan garmaho da masu saye suka ɗauka babu dijital a cikinsu. Masu cewa kunnensu ba ya jure dijital sun daɗe suna yabon waɗannan fayafayan. Sai da magana ta kai kotu.

Mu a nan ba mu sayen waya ta dubban daloli, amma muna da namu. Za ka ga ƙaramar lasifika an rubuta wa kwalinta wat 5,000 tare da haruffan PMPO, lissafin da ba shi da tsayayyen ma'auni. Adadin wat da aka rubuta RMS a gefensa shi ne abin dubawa. Akwai kuma wayar alminiyum da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ba ta kai jan ƙarfe na gaske ɗaukar wuta ba. Kwamitin masallaci ko mai kiɗan biki da zai ja waya mai nisa, nan ne ya kamata ya sa ido. Kankare bakin wayar, in ka ga fari a ciki ka san abin da ka riƙe.

Shawarata ga mai saye ita ce ya juya wa na'urar baya, abokinsa ya riƙa sauya kayan sau goma ba tare da faɗa masa ba, ƙara kuma a daidaita ta. In bai iya cankar wanne ne wanne ba, ya riƙe kuɗinsa. Ya zuba su a lasifika mai kyau, ya matsar da ita daga kusurwa, ya shimfiɗa darduma, ya rataya labule mai kauri don rage amsa-kuwwa. Wannan gyaran kowa a gidan zai ji shi, ko da idonsa a rufe.