Jiƙo, Kanwa da Tafiyar Ƙafa: Yadda Suke Taɓa Hanta, Ƙoda da Zuciya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gusau, ko ya tsaya a tashar mota a Tsafe ko Bunguɗu, ya san masu tallar jiƙo da lasifika: wannan na basir, wancan na shawara, ga na wankin ciki. Mutane da yawa sukan fara da waɗannan kafin su je asibiti. Saboda haka ya kamata a san inda maganin yake bi bayan an haɗiye shi.

Daga hanji jini yake ɗaukarsa ya kai hanta, ita ce take farfasa shi. Abin da ya rage ƙoda ta tace ta fitar a fitsari. Ƙodojin babban mutum suna tace ruwa kusan lita 180 a kowace rana. Gaɓoɓin nan biyu ba su san bambanci tsakanin ƙwayar asibiti da sassaƙe ba. Duk abin da ya fi ƙarfinsu zai ji musu rauni.

Ba mu ce ganye ba shi da amfani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yau ya samo asali ne daga tazargade, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda wannan aiki. Zoɓo ma yana ɗan rage hawan jini, idan ba a cika masa sukari ba. Matsalar jiƙo ita ce rashin awo. Kofin yau da na gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa mai sha bai san abin da aka haɗa ba. A farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba mai ɗauke da wani tsiro dangin duman dutse. Da yawansu sai da suka koma wankin ƙoda ko dashe. Filasko kuwa, idan aka yawaita shi, zawon da yake sawa yana zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam, abin da kan rikita bugun zuciya. Akwai kuma maganin ƙarfin maza da ake zuba wa sildenafil a ɓoye. Ga mai shan maganin ciwon zuciya irin na nitiret, wannan na iya kayar da jininsa farat ɗaya.

Batun kanwa ya fi shafar iyayenmu mata. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Kanwa cike take da gishiri, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki, sai zuciyar da ta gama wahalar ciki ta kasa ɗauka. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar.

Motsa jiki fa? Shi kam yana taimakon kusan kowace gaɓa. Zuciya na ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini na saki, hawan jini ya ragu. Tsoka mai aiki tana zuƙe sukari daga jini, kitsen da ya taru a hanta ma ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, na tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma yana iya magana. Manomin da ya wuni da fartanya ya riga ya wuce wannan. Wanda ake ji wa shi ne mai zaman shago, ma'aikacin ofis, da matar da ba ta cika fita ba, ita ma zagayen tsakar gida ya ishe ta farawa.

Sai dai a watannin Maris zuwa Mayu zafi a Zamfara kan haura digiri 40. Wanda ya yi aikin ƙarfi cikin rana bai sha ruwa ba, sannan ya sha diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, ya ɗora jiƙon wankin ciki a kai, ya haɗa wa ƙodarsa nauyi uku lokaci guda. A fita da sassafe ko bayan la'asar. Mai sikila da mai ciwon zuciya su fara tuntuɓar likita. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya riƙe dabino a aljihu, don sukari na iya faɗuwa.

Kada ku daina maganin hawan jini ko na sukari saboda kun fara jiƙo. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu ko ya koma kalar shayi, fuska ta kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, ku dakatar da jiƙon, ku tafi babban asibitin garinku ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau a auna hanta da ƙoda. Ku tafi da kwalbar ko ƙullin maganin, ku faɗa wa likita tun yaushe ake sha da kuma kofi nawa a rana.