Sarautar Samari da Horon Shugabanci

A karkarar ƙasar Hausa, kamar Zandam ta ƙasar Gwaram, samari sun daɗe da hanyar horon junansu. Sukan naɗa Sarkin Samari da 'yan majalisarsa, wato Waziri da Galadima da Alƙali. Idan an yi gayya shi ke raba kunyoyi, ya tsawata wa malalaci, Alƙali kuma ya ci tarar wanda ya ƙi fitowa. Abin lura shi ne, wannan sarki ba shi da dogari, kuma sa'o'insa na iya tuɓe shi. Tilas ke nan ya koyi haƙuri da adalci da iya lafazi. A Nijar, bayan 1974, gwamnatin Saini Kunce ta ɗauki wannan tsari ta mai da Samariya hukuma, sai shugabanninta suka koma jin tsoron gwamnati maimakon tsaransu.