Idan Waya Ta Sha Ruwa, Wa Ke Ɗaukar Hasara?

A watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, mallakar waya abin ƙawa ne na masu hannu da shuni. Yau kuwa ta zama kayan aiki. Dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, da mai hatsi a Bodija ta Badun, da ɗan canji a Zone 4 na Abuja, duk da waya suke jin farashi, su karɓi kuɗi, su sallami direba, su rubuta bashi. Ranar da ta faɗa kwata ko ruwan sama ya jiƙa ta, hasarar takan wuce kuɗin wayar, ta haɗa da cinikin yini ko na mako. Ga shi kuma tun da darajar Naira ta faɗi bayan sakin farashin canji a watan Yuni na 2023, sayen sabuwar waya ya zama babban al'amari ga ƙaramin ɗan kasuwa.

Da yawa daga cikin masu waya sukan zaci takardar garanti da aka ba su a kanti ta isa ta kare su. A nan ne matsalar take farawa. Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera waya cewa zai gyara aibin da ya taso daga masana'anta, galibi cikin shekara guda. Haɗarin da ya sami waya a hannun mai ita, kamar faɗuwa, fashewar gilashi ko shigar ruwa, ba ya cikin wannan alkawari. Kamfanonin Apple da Samsung duk sun bayyana haka a sharuɗɗansu, har a kan wayoyin da suke tallatawa da cewa suna jure ruwa.

Wannan juriya tana da iyaka. Alamar IP67 tana nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na tsawon minti 30, IP68 kuwa a zurfin da ya fi haka, gwargwadon abin da kamfani ya faɗa. Ana yin gwajin ne da sabuwar waya cikin ruwa mai tsabta. Ruwan kwata, ruwan gishiri, ruwan sabulu da shayi mai zafi lissafinsu daban. Bugu da ƙari, roba da gam ɗin da ke toshe ƙofofin waya suna sakewa idan ta tsufa, ko ta sha faɗuwa, ko mai gyara ya taɓa buɗe ta. Tazarar da ke tsakanin talla da gaskiya ta kai wasu kamfanoni gaban hukuma: a 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10, a 2022 kuma wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14, duk a kan tallan jure ruwa.

Ɓoye abin da ya faru ba ya amfanar da kowa. A cikin yawancin wayoyi akwai wata 'yar alama fara, sau da yawa a ramin da ake sa katin layi, wadda takan canza launi zuwa ja da zarar ruwa ya taɓa ta. Ita ce abin da ma'aikacin kamfani zai fara dubawa.

Abin da mai waya ya yi a sa'o'in farko shi ke yanke hukunci a kan ko za ta tashi. Ruwa yana ɓarna ta hanya biyu: yana haɗa hanyoyin lantarki da bai kamata su haɗu ba, sa'an nan gishiri da dattin da ya bari suna cin injin wayar sannu a hankali. Dalilin ke nan waya takan yi aiki yau, ta mutu bayan kwana uku. Abin da ya dace shi ne a kashe ta nan take, a cire riga da katin layi, a goge ta, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa, kada kuma a sa ta caji. Shanya ta a rana ko gasa ta kusa da wuta yana iya lalata batir. Batun binne waya a cikin shinkafa kuwa, Apple da kansa ya gargaɗi masu amfani da wayarsa da su bar shi, domin ƙananan ɓarɓashi suna iya shiga ciki su yi ɓarna.

Wanda ba shi da inshora sai ya gaggauta kai ta wurin ƙwararren mai gyara domin a buɗe a wanke injin. Wanda ke da inshora kuwa, kamfaninsa zai fara kira, domin yarjejeniyoyi da dama suna soke diyya idan wani mai gyara da kamfanin bai amince da shi ba ya riga ya buɗe wayar.

Inshorar waya ana samunta a Nijeriya ta hannun kamfanonin inshora, wani lokaci kuma ta hannun manyan kantunan waya da ke haɗa ta da ciniki. Kafin ɗan kasuwa ya biya, akwai tambayoyin da ya kamata ya sami amsarsu a rubuce. Shin an ambaci shigar ruwa da sunanta, ko kuwa fashewar gilashi da sata kawai aka rufe? Cikin kwana nawa ake bukatar a sanar da kamfani? Kashi nawa na hasarar mai waya zai ɗauka da kansa? Da wane farashi za a yi lissafi, na ranar saye ko na bayan an rage tsufa? Wane kamfani ne mai lasisin Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, yake bayan takardar?

Misali zai fayyace batun lissafi. A ce an sayi waya Naira 300,000, yarjejeniya kuma ta ce za a rage kashi 20 cikin ɗari saboda tsufa, mai waya ya ɗauki kashi 10 na abin da ya rage. Abin da zai shiga hannunsa Naira 216,000 ne, alhali kuwa mai yiwuwa irin wayar ta ƙara tsada a kasuwa. Inshora diyya take biya, ba ta ba da riba.

Wajen neman diyya, takarda ita ce shaida: rasidin saye, lambar IMEI mai alƙaluma 15 da ake gani idan an danna *#06#, da shaidar biyan kuɗin inshora. Ƙa'ida ce da aka tsaurara a Nijeriya tun 2013 cewa wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da kariya. Idan kamfani ya ƙi biya ba bisa hujja ba, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana da sashen karɓar koke. Masu neman tsarin da ya dace da shari'ar Musulunci kuma suna iya tuntuɓar kamfanonin takaful, waɗanda hukumar ta fitar wa ƙa'idoji a 2013.

Masu kantin waya lamarinsu ya fi girma. Inshorar gobara ita kaɗai ba ta biyan ɓarnar ambaliya sai an ƙara wannan sharaɗi. Ambaliyar Lakwaja ta 2022, da ta Maiduguri ta watan Satumba na 2024 wadda ta mamaye Kasuwar Monday bayan ɓallewar madatsar Alau, sun nuna yadda jarin shekaru ke iya salwanta cikin dare guda.

Ba kowace waya ce ta cancanci inshora ba. Mai ƙaramar waya da zai iya maye gurbinta da ribar 'yan kwanaki, ajiyar kuɗi kaɗan ta wadatar da shi. Wanda wayarsa ta kai ribar watanni, ko wanda ya karɓe ta bashi yana biya kaɗan-kaɗan, shi ne ya fi bukatar kariya, domin idan ta mutu bashin yana nan. Amma dukansu biyu akwai abin da babu kamfanin da zai dawo musu da shi, watau lambobin abokan ciniki da lissafin masu bashi. Waɗannan sai a adana kwafinsu a intanet ko a littafi tun kafin hadari ya haɗo.