Gudu: Wasa Ko Da Gaske?

Bahaushe yana sanya gudu cikin "wasa", kalmar da kan nuna abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba. Shi ya sa idan an ga magidanci yana gudu da sassafe, ba wanda ya koro shi, sai a yi ta mamaki. Amma akwai mai yin wasan nan da gaske, kuma a ganina kalmar da ta dace da shi ita ce "naci".

Mu ɗauki misali daga Okala, wata unguwa a arewacin Libreville, babban birnin Gabon. A 2013 aka fara gasar gudun yada-ƙanin-wani a birnin, mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mazaunin Okala ya san ba shi zai ci kyauta ba, domin 'yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe ta. Burinsa kawai ya kai ƙarshe, wannan kuwa sai da shirin watanni. Garin yana bakin teku, dab da layin Ikwaita, ga zafi ga gumi, saboda haka dole ya fita da asuba kafin rana ta ɗaga. Kowane mako yana ƙara nisan kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi gaggawa, gwiwa ko agara ce za ta tsai da shi. Ranar hutu ma tana cikin shirin, ko da yake ita ce sababbin shiga suka fi ƙi, don suna ganin kamar lalaci ne.