Gashin Nama A Kan Gawayi Lokacin Bazara

Ya ku malamai da fatake masu karanta wannan shafi, daga watan Maris har faɗuwar ruwa, sa'ad da zafi a Sakkwato da Kano da Damagaram ya kan haura awo 40 a ma'auni, madafa ta kan koma kamar maƙera. Sai a fito da kurfoti tsakar gida, masu ƙwaɗayi kuwa su nufi tukubar mai tsire da almuru. To, ku sani a wannan lokaci nama yana tsakanin wuta biyu, ta rana da ta gawayi, kuma in ta gawayi ba ta riga shi ba, ta rana ce za ta lalata shi.

Gawayi ba duka ya zama ɗaya ba. Na kirya, wanda maƙera ke nema tun kaka da kakanni, da na marke, su ne masu nauyi, masu daɗewa suna ci. In an ƙwanƙwasa su sai a ji amo. Na itace mai taushi kuwa, kafin nama ya yi ɗumi ya zama toka. Mai sayen buhu ya duba har ƙasa, domin waɗansu su kan jera manya a baki, su cika gindi da gari da ƙasa. Wannan algus ne, ko da an saba da shi. A tuna kuma sai an ƙone itace mai ninkin nauyinsa biyar ko fiye kafin a sami gawayin nan, don haka bai cancanci ɓarna ba.

Harshen wuta ba ya gasa nama, babbake shi ya ke yi. Gwani ya kan fifita da mafici, ya dakata har hayaƙi ya ɗauke, farar toka ta lulluɓe garwashi, sa'an nan ya aza raga. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, sai ya janye naman gefe har ta lafa. Mai gaggawa shi ke miƙa wa mutane balangu baƙi ƙirin a waje, ciki kuwa da jini. Masu hura gawayi da leda ko kananzir, su aza nama nan take, suna ciyar da jama'a hayaƙin da su kansu ba za su yarda su shaƙa ba.

Amma babbar illa tana faruwa ne tun nama bai ga wuta ba. Dabbar da aka yanka da hantsi, aka bar namanta bisa tebur ƙuda na bi har magariba, ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sun riga sun hayayyafa a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin gargaɗin da ta fitar a 2001, ta ce zafi ya ratsa abinci har awo 70, kuma dafaffe kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi. Shi ya sa tsire ya fi balangu aminci: yankansa siriri ne, wuta na ratsa shi. Kwanannen tsire da aka shafa wa man gyaɗa, aka ɗan nuna wa wuta, aka bulbule da ƙuli-ƙuli da yaji, shi ne abin gudu, gama yaji yana ɓoye wari amma ba ya kashe cuta. Haka wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanye, kada su taɓa gasasshe sai an wanke su da sabulu. Takardar naɗi ma a duba ta. Buhun siminti ba mazubin abinci ba ne, balle takarda mai rubutu irin wannan da ke hannunka.

Mahautan da sun san dabarar mai da rana abokiyar aiki, ita ce kilishi. A feɗe tsoka fale-fale, a cire kitse, a shanya ta bushe, a tsoma cikin labu, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna wa garwashi kaɗan. Da ya ke ba sauran danshi, sai ya yi watanni cikin jakar falke. Mai doguwar tafiya da bazara, shi ya kamata ya yi guzuri da shi, ba ƙunshin balangu ba.

Saura maganar kashe wuta. Iskar bazara ta kan ɗauki tartsatsi ta kai kan jinka ko dangar kara, rumfunan kasuwa kuwa a haɗe su ke. In an gama a yayyafa ruwa, ko a rufe da ƙasa, gawayin da ya rage ya yi aikin gobe. In kuma hadarin farko ya taso ana cikin gashi, kada a shige ɗaki da kurfoti a ja ƙofa. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ta kan fara da ciwon kai da jiri da barci, ta kan kuma kashe mutanen ɗaki gaba ɗaya ba wanda ya farka. A kai shi ƙarƙashin rumfa, inda iska ke shiga ta fita.