Maharbi Shi Ne Makiyayin Dawa

Yau zancenmu na dawa ne, da mutanen da suka san ta, watau maharba. Za mu ɗauki ƙasar Rogo da Karaye ta yammacin Kano mu yi misali da ita, domin abin da ya sami dajinta shi ne ya sami na maƙwabtanta.

Duk wanda ya bi ta Rogo Ruma da rani, bayan an kawar da amfanin gona, da wuya ya rasa gamuwa da ayarin 'yan farauta. Ga samari da gora da barandami, ga karnuka suna haki, ga makaɗi a baya yana zuga su. Su fita da hantsi, su wuni suna zaga saurukan gonaki da bakin fadama, sai la'asar sakaliya su komo. In ka leƙa buhunsu me za ka gani? Zomo biyu ko uku, da gafiya, da bushiya, wata rana da damo. In Allah ya sa aka dace da gada guda, to, ranar sai an kwana ana kirari, wani lokaci ma har a fasa wa juna kai wajen rabonta. Mutum talatin da kare ashirin a kan gada ɗaya!

Alhali kuwa wanda ya haura shekara 70 a wannan ƙasa ya tashi yana jin kukan kura da dare a bayan gari, ya ga garken zabin daji suna kiwo a gefen gona, ya san ɓarnar da gyado ke yi wa rogo da dankali. To, ina suka tafi? Mutanen birni sukan ce maharba ne suka cinye su. Wannan magana da gaskiya a cikinta, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Babban abin da ya kori naman dawa shi ne fartanya da gatari. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 227,000 a ƙasar Rogo, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 800 da 'yan kai ba, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. Kowane magidanci yana bukatar gona, kowace tukunya tana bukatar itace. Fadamun da dabba ke fakewa da rani sun zama na rake da kayan lambu. A 1992 kuma aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, ruwa ya rufe wuri mai yawa. Dabbar da ba ta da wurin kwana ba ta jiran kibiya, da kanta take ƙaura.

Sai dai a nan ya kamata mu rarrabe tsakanin mutum biyu da ake haɗa su a suna ɗaya. Ɗan farauta daban, maharbi daban. Ɗan farauta manomi ne ko ɗan kasuwa, wanda rani ya ba shi hutu, ya bi gayya don nishaɗi da nuna jarunta. Maharbi kuwa sana'arsa ke nan, gado ne ya tarar a gidansu, kuma galibi shi kaɗai yake shiga dawa, ko shi da ɗansa. Shi ne wanda zai dubi sawu ya gaya maka na mazo ne ko na kwanta-rafi, namiji ne ko mace, jiya ta wuce ko da asuba, da ciki take ko babu. Ya san mashayar kowace dabba, da ciyawar da take so, da inda iska za ta kai mata warinsa. Shi ne mai ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun nan har ya isa kusa da barewa ba ta ankara ba. Shi ya san yadda ake dafa dafin kibiya da 'ya'yan kwankwani. Wannan ilmi ba a allo yake ba, ba a littafi ba, a ƙirjin tsofaffi yake, kuma duk tsohon da aka kai kushewa da nasa kason yake tafiya. Sana'ar kuwa ba ƙarama ba ce a tarihinmu. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Barbushe na Dala da cewa gawurtaccen maharbin giwa ne, kuma garuruwa da yawa na ƙasar Hausa in ka bi asalinsu sai ka tarar bukkar maharbi ce ta fara zama a wurin.

Maharban dā suna da shugaba, wani wuri a ce Sarkin Dawa, wani wuri Sarkin Baka, kuma suna da ka'idodi. Ba a fita gayya sai da izninsa. Ba a yin ta da damina, sa'ad da shuka ke tsaye, zabi da fakara suna kan ƙwai. Maharbin ƙwarai yana jin kunyar a ce ya harbi uwa da ɗa a bayanta, ba don wani ya hana shi ba, sai don ya san ita ce jarinsa na baɗi. Har yau a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni a ƙasar Nijar, ana yin bikin buɗin daji kowace shekara. Ba muna yabon dube-duben da ake haɗawa da shi ba ne, malamai sun san hukuncin wannan. Abin lura shi ne sunan kansa. Abin da ake buɗewa, ashe akwai lokacin da yake a rufe. Mutanen dā sun ɗauki dawa kamar rumbu mai ƙofa.

Shari'a kuwa ba ta bar wannan babi ba. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan babin layya da yanka da farauta, ya kuma ji cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba ita ce halal. Malaman Malikiyya sun ce hukuncinta yana juyawa gwargwadon niyya da bukata: tana wajaba ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa, tana haramta ga mai kisa don ɓarna ba da nufin ci ba. Abin da ya mutu a tarko kafin a riske shi da wuƙa mushe ne, haka wanda gobara ta cinye, haka wanda ya ci guba. Keɓe daji kuma ba Turawa suka fara shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma an hana farautar naman haramin Makka da na Madina da sare itatuwansu. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi bayanin irin wannan keɓewa a littafinsa Ta'alimur Radi, wanda ya rubuta a kan hukunce-hukuncen ƙasa. Kalmar hurumi da muke faɗa kullum daga wannan tushe ta fito.

To, da Turawa suka zo sai suka kawo nasu tsari. A 1916 suka yi dokar tsare namun daji, a 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata, wadda ta kasa dabbobi kashi-kashi, waɗansu ba a taɓa su sam, waɗansu sai da lasin. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta ƙara da dokar dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. An kuma keɓe gandaye: Yankari a ƙasar Bauci a 1956, da dajin Kogin Kano, wanda yanzu ake kira Falgore, can wajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. (Kada mai karatu ya rikita shi da garin Falgore na ƙasar Rogo, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Wannan gandu ya kusa murabba'in kilomita 1,000, watau ya fi ƙasar Rogo duka faɗi, kuma a 2020 an sa shi cikin gandaye 10 da Gwamnatin Tarayya ta yarda a ɗaukaka su zama na ƙasa baki ɗaya.

Niyyar dokokin nan mai kyau ce, ba mu musa ba. Amma a ganinmu an yi kuskure guda tun farko, shi ne aka zare hannun maharbi daga tsaron dawa, aka mai da shi ɓarawo a inda kakansa yake sarki. Aka ɗauko malamin daji mai takardar makaranta aka ce ya tsare abin da bai san sawunsa ba, wanda ya san sawun kuwa aka ce in an gan shi a kama. Sa'ad da Sarkin Dawa ya rasa iko, ka'idodinsa suka bi shi, dokar Gwamnati kuma ba ta da ƙafar da za ta shiga kowane surƙuƙi. Sai dawa ta zama ba ta kowa ba. Maharbi ya ce a ransa, in na bar uwar nan don baɗi, wani ne zai harbe ta gobe, to, gara ni.

Daga nan miyagun hanyoyi suka yawaita, kuma a nan ba za mu wanke 'yan farauta ba. Ana cinna wa daji wuta don a kori zomo, wutar ta ci ciyawar makiyaya, ta ci 'ya'yan itatuwa, wani lokaci ta faɗa wa damman da ba a kwashe ba. Ana haska wa dabba fitila da dare ta tsaya cik, a harbe ta ba a san mace ce ko namiji ba. Ana barbaɗa maganin ƙwari a mashaya ko a jikin mushe, ya kashe wanda ake nema da wanda ba a nema. Ku dubi ungulu. Wane mahauci ne a dā bai yi faɗa da ita a mayanka ba? Yau yaro sai ya girma bai ga ko ɗaya ba, har a 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Guba tana cikin dalilan, haka kuma cinikin kanta da ƙafafunta da masu magani ke yi. A nan zancen ya zo kanku, 'yan kasuwa. Maharbi ba ya cin ungulu. Ya kashe ta ne don ya san akwai mai shimfiɗa a kasuwa da zai ba shi kuɗi, mai shimfiɗa kuwa ya san akwai wanda aka rubuta masa ya nemo ta. Haka fatar damisa, haka ta mesa.

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan fatara kuwa maharbin ne kansa. Da dajin gida ya ƙare, sai ya zama matafiyi, ya kwashi karnukansa da bindigarsa ta gargajiya ya nufi ƙasashen da ba a san shi ba, ba a jin harshensa. Ba mu manta ba da abin da ya faru a ƙarshen watan Maris 2025, cikin azumi, sa'ad da aka tare waɗansu mafarautan Kano a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Jihar Ribas za su gida yin salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Waɗansu daga cikinsu mutanen Torankawa ne ta ƙasar Bunkure. Allah ya ji ƙansu. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, amma mai hankali zai tambaya, me ya raba mutumin Bunkure da gida har ya kai shi bakin teku neman nama?

Abin mamaki, hukuma ta san darajar ilmin maharbi in ta matsu. A 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, maharba na cikin waɗanda suka taimaki soja aka ƙwato garin, kuma har gobe a wurare da yawa su ake nema in an sace shanu ko mutum, don su ne ke iya bin sawu. Wanda aka amince masa ya bi sawun ɓarawo, me zai hana a amince masa ya ƙidaya gada?

An gwada wannan a wani wuri, ya kuwa yi amfani. A duwatsun Mbe na Jihar Kuros Riba akwai wani ƙaton biri da ake kira gorila, irin wanda bai fi kamar 300 ba ya rage a duniya. Ƙauyuka 9 ne ke da dajin, su ne kuma suka haɗu suka kafa masa doka, da taimakon ƙungiyar WCS, masu gadin kuwa da yawansu tsofaffin maharba ne da aka ɗauka aiki ana biyansu. Mutumin da ya san inda ake ɗana tarko shi ya fi kowa sanin inda za a cire shi. A Amurka kuma wata hanya suka bi. A wajen 1900 barewar ƙasarsu mai farin wutsiya ta ragu har ba ta fi rabin miliyan ba, sai aka hana cinikin namanta, aka yanka wa farauta lokaci da adadi, a 1937 kuma aka yi doka cewa harajin bindigar farauta da harsashi a mai da shi ga kiwon namun daji. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30. Ba mu ce a kwaso wannan yadda yake ba, gama bindigar maharbinmu maƙeri ne ya ƙera ta, ba wanda zai karɓi harajinta. Abin ɗauka shi ne, a can an sa mai cin amfanin dawa ya zama mai ɗaukar nauyinta.

Zaki da giwa ba za su komo Rogo ba, kada mu yaudari kanmu. Amma zabo da fakara da zomo da gada masu saurin yaɗuwa ne, in sun sami 'yar mafaka da hutun damina biyu ko uku za a ga bambanci. Tun 2024 masarautar Karaye ƙasa biyu ce a ƙarƙashinta, Karaye da Rogo, ba ta yi faɗin da za a ce ido ba zai kai ba. Da Sarki zai tara hakimai da dagatai da sarakunan dawa, a rubuta sunan kowane maharbi a ba shi shaida wadda zai nuna in ya yi tafiya, a sa ranar buɗe farauta da ranar rufe ta, a yi shela a kasuwanni, da an kama hanya. Kowane dagaci ya nuna kurmi ɗaya ko bakin rafi ɗaya a ƙasarsa, ko da eka 20 ne, a ce nan hurumi ne, ba wuta, ba kare, ba gatari, a danƙa shi ga Sarkin Dawan wurin, ƙaramar hukuma ta riƙa ba shi ɗan abin hasafi, tarar wanda ya keta kuma a raba da shi. Limamai su karanta wa jama'a babin farauta a watan da ake fara gayya, ba sai an jira mai tambaya ba. Sarkin kasuwa kuma, ran da ya zaga rumfunan masu magani, ya duba abin da ke kan shimfiɗa.